Wurin Tsayuwata a Ramin Bulo

Asabar, 6 ga Yuli, yamma

Mun ci Thirlvale biyu da ɗaya, amma ba wannan zan rubuta ba.

Da na isa filinmu, Ramin Bulo, na tarar da mutum a wurina. Shekara arba'in da ɗoriya ni da Branko muke tsayawa a jikin shingen bayan raga, shi a dama ni a hagu, tun muna samari a kamfanin ƙarfe. Kowa a Port Garran ya san wurin nan namu ne, ko yara ba sa jingina a nan. Yau sai ga Hamish Teague ya ɗora gwiwar hannunsa daidai inda tawa ta cinye fenti, yana nuna wa Branko wani abu a waya, Branko kuwa sai dariya yake har da buga ƙafa.

"Ga ɗan Malta ya iso," in ji Branko. "Matso, Reno, zo ka ga inda za a ajiye mu. Da rufi, mutumina. Da kujera mai majingina. Ga bayan gida a kusa saboda tsofaffi irinka."

Na ce na gani, alhali ko kallon wayar ban yi ba. Hamish ya ɗan ja baya cikin ladabi ya ce, "Ko wurinka ne, Mista Zammit?" Na ce shinge ai ba na kowa ba ne. Sai ya koma ya jingina abinsa.

Bara waccan ya zo garin nan daga Sydney. Zanen gine-gine ne aikinsa, ya iya magana da mutanen majalisar gari, shi ya sa kwamitin magoya baya suka sa shi a gaba kan batun gina sabuwar rumfar 'yan kallo a filinmu. Ranar ashirin da uku ga wata kansiloli za su zauna su ce a gina ko kar a gina. In sun yarda, in ji shi, nan da shekara uku mun shiga.

Shekara uku. Haka ya faɗa, kamar mai cewa jibi.

Hamish ya yi ta tafi a ƙwallon da alƙalin wasa ya soke, sai da Branko ya riƙe masa hannu.

Talata, 9 ga Yuli, safe

Matata Lina ta soya ƙwai, na ci rabi. Ta tsaya a kaina ta ce, "Ka gaya wa Branko." Na ce babu abin faɗa tukuna. Ta ce, "Reno, ina zaune a wurin likita ya yi bayani." Na ce a bar maganar. Ta kwashe kwanukan da ƙarfi.

Alhamis, 11 ga Yuli, tsakar rana

Asibiti. Ƙarin ruwan yau ya daɗe. Ba zan rubuta komai a kansa ba.

Asabar, 13 ga Yuli, yamma

Wasan waje. Tun da na mallaki mota ni nake ɗaukar Branko duk inda za mu buga, don tuƙinsa tuƙin mai neman kashe kansa ne. Da safe ina ɗaure takalmi ya kira.

"Kar ka wahalar da kanka ka biyo ta gidana. Hamish zai ɗauke ni, akwai abin da za mu tattauna a hanya."

Na ce dama ba ni da niyyar biyowa.

Na riga na sayi pastizzi, irin samosar mutanen Malta, masu zafi a shagon kusa da tasha, rabi na cuku rabi na wake, kamar kullum. Suka yi tafiyar a kujerarsa, cikin takarda, man yana ratsowa. Ni yanzu ko ƙamshinsu ba na so. Na ba masu tsaron ƙofa.

Ina tsaye suka iso. Branko ya fito yana miƙa, ya hango ni ya ce, "Ka san kujerar motar nan tana ɗumama wa mutum baya? Maɓalli kawai za ka danna." Na ce Allah ya sanya alheri. Motata ta kai shi asibiti ranar da aka haifi 'yarsa, ta bi bayan gawar matarsa zuwa maƙabarta, ban taɓa jin ya yabi kujerarta ba.

Canjaras aka yi, babu ci.

Litinin, 15 ga Yuli, bayan taron kwamiti

Mutum uku majalisa ta yarda su yi magana daga ɓangarenmu. Na tafi da farar rigata a goge. Ban gaya wa kowa ba, amma na shirya abin da zan ce tun makon jiya. Filin nan rami ne da ake haƙar ƙasar bulo a da, mahaifina yana cikin waɗanda suka cike shi da baro bayan an tashi daga aiki, su 'yan Malta da mutanen su Branko da suka zo a jirgin ruwa. Ina yaro ina riƙe musu fitila. Wa ya fi ni abin faɗa?

Hamish ya miƙe ya ce kansiloli gobe suke son ji, ba jiya ba. Aka yi ta gyaɗa kai. Aka zaɓi shi, da kyaftin ɗin ƙungiyar mata, da Branko. Ba wanda ya ambaci sunana. Na kalli Branko, shi kuma yana kallon igiyar takalminsa.

Bayan nan aka buɗe giya, hira ta koma wa zai zauna ina a sabuwar rumfa. Gino, wanda ya haura tamanin, sigari a baki tun yana ɗan makaranta, ya ce shi layin gaba yake so daidai tsakiya, don ya riƙa zagin alƙali a kunnensa. Aka yi dariya. Na zauna ina kallon wuyansa, ja jawur, da yadda yake haɗiyar giya. Bai taɓa kwana a asibiti ba. Ni da na daina shan taba tun kafin a haifi ɗana.

Wani ya ce, "Kai fa, Reno, ina za ka zauna?" Na ce ban yanke shawara ba.

Alhamis, 18 ga Yuli, yamma

Asibiti. Na ƙara huda a bel ɗina.

Lahadi, 21 ga Yuli, tsakar rana

Na fito daga coci na bi ta bayan fili, ban san dalili ba. Misis Pryor tana share ganye a ƙofarta. Katangar gidanta ce ta haɗu da ta filinmu, kuma ita ce shugabar maƙwabtan da ba sa son ginin. Shekaru muna kiranta mayya a tsakaninmu, don ƙwallon da ta faɗa lambunta ba ta dawowa.

Ta ce, "Mista Zammit, ka rame. Shigo ka sha shayi."

Ita ce ta fara faɗa mini haka a garin nan. Abokina na shekara arba'in bai lura ba, sai mayya.

Na shiga. Ta nuna mini ta taga inda motocin 'yan kallo suke tare mata ƙofa duk Asabar. Ta ce ranar da mijinta ya faɗi a banɗaki, motar asibiti a bakin titi ta tsaya, da gadon ɗauka aka ratso da shi tsakanin motoci. Ta ce yanzu kuma za a ninka mutane, a kafa fitilu masu haska ɗakin kwananta. Na ce tana da gaskiya. Kuma tana da ita.

Ta ce, "In mu muka faɗa, sai a ce tsofaffi masu ƙorafi ne. Da ɗaya daga cikinku zai tashi ya faɗa, da sun saurara."

Na ce zan tashi.

Lina ba ta san da wannan ba tukuna.

Laraba, 24 ga Yuli, safe

Jiya zauren majalisa ya cika da ja da fari, launin ƙungiyarmu, har bakin ƙofa. Na zauna can baya. Kafin a fara, magatakarda ya karanto sunayen masu magana. Masu goyon baya, su uku. Masu adawa, Misis Pryor, da wani malamin makaranta, da Reno Zammit.

Sai kawuna suka fara juyowa layi bayan layi. Branko ne ya juyo a ƙarshe, bai daɗe yana kallona ba.

Ashe ma ba za a yi maganar ba. Shugabar majalisa ta ce rahoton zirga-zirgar motoci bai kammala ba, an ɗage zama zuwa sha uku ga Agusta. Mutane suka yi ta gunaguni. Hamish ya dafa kafaɗar Branko yana raɗa masa wani abu a kunne.

Ni kuwa daɗi na ji. Gara in rubuta gaskiya tunda ba mai karantawa. Da na ji an ce an ɗage, sai ƙirjina ya yi sanyi, na ce to, ku ma ku ɗanɗana jira.

Da muka tsaya a ƙofar gida, Lina ta juyo a mota ta dube ni. Ta ce, "Da filin kake faɗa, ko da wa?" Ta fita ta bar ni.

Alhamis, 25 ga Yuli, yamma

Asibiti. Likita ya ce za a canja magani. Bai kalli idona ba da yake faɗa.

Asabar, 27 ga Yuli, yamma

Lina ta ce kar in je, na je. Ba wanda ya zage ni a ƙofa, gaisuwa ce dai ba a yi ba. Ban nufi bayan raga ba, na tsaya can wajen tutar kwana inda iska take shigowa daga teku.

Gino ne kawai ya ɗaga murya. "Ga lauyan Misis Pryor nan. Ka karɓo mana ƙwallayenmu, ko sai an ɗaura aure?" Aka fashe da dariya. Branko bai yi ba, na duba.

Daga inda nake ina hango su biyun a jikin shinge. Hamish ya sayi gyalen ƙungiya sabo fil, har yanzu da karin ninki a jikinsa. Da aka tafi hutun rabin lokaci sai ga shi ya nufo ni da kofin shayi biyu.

"Mista Zammit, maganar motocin nan ba ƙarya ba ce. Ina so mu zauna ka nuna mini inda matsalar take, ka fi ni sanin unguwar."

Da rashin kunya ya yi mini da na ji sauƙi. Na ce ba na shan shayi. Ya tsaya da kofi biyu a hannu, sannan ya koma ya miƙa wa Branko ɗaya.

Ban iya tsayuwa a zagaye na biyu ba, ƙafafuna suka ƙi. Na koma mota na zauna ina jin ihun mutane. An ci mu ɗaya.

Talata, 30 ga Yuli, hantsi

Maƙwabcinmu yana dasa itacen zaitun, ɗan ƙarami, bai kai gwiwa ba. Ya girme ni. Na tsaya a taga ina kallonsa har Lina ta ja labule.

Juma'a, 2 ga Agusta, safe

Branko bai kira ba. Ni ma ba zan kira ba.

Lahadi, 4 ga Agusta, yamma

Ina zaune a lambun da ke bayan gidanmu ƙarƙashin bishiyar lemun tsami, da bargo a cinya, sai na ji an turo ƙofar gefe ba sallama. Mutum ɗaya ne yake shigo mana haka.

Branko bai zauna ba. Ya ce, "Kai mahaukaci ne? Babanka ya tura baro a filin nan, kai kuma za ka tashi ka ce kar a gina?"

"Ashe kana tune da babana. Ranar kwamiti ka manta shi."

"Hamish ya ce..."

"Hamish ya ce, Hamish ya ce. In Hamish ya ce ka tuɓe wando a tsakiyar fili tuɓewa za ka yi. Je ka shiga motarsa ta gasa maka baya, me ka zo nema a nan?"

Na faɗi wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Ya bar ni har numfashina ya ƙare, wanda yanzu ba ya daɗewa. Ya sunkuya ya ɗauki lemo ɗaya da ya faɗo, yana juya shi a hannu.

Ya ce, "Na sani, Reno."

"Ka san me?"

"Tun watan Mayu. Lina ta kira ni daga wurin ajiye motoci na asibiti, ko magana ba ta iya yi sosai. Ta sa na rantse ba zan nuna maka ba."

Ya jawo bokiti ya kife ya zauna a kai.

"Ni da kai a mota, ba kowa, in yi ta yi maka hirar 'yan wasan baya kamar ban san komai ba? Na gwada sau ɗaya. Da ka sauke ni na shiga gida na yi amai. Ba zan iya ba, ɗan Malta. Ni matsoraci ne, ka daɗe da sani. Shi yaron nan surutu gare shi, in ina tare da shi ba na tunani."

"Kwamiti fa?"

"Ni na ce kar a sa ka. Hamish kai ya fara kawowa. Na ce a'a. Na ji yadda muryarka ta koma, ban so ka tsaya gaban mutane su gane."

Wato duk makonnin nan ina jin haushin wanda ya kawo sunana. Ban ji haushin ya ragu ba, abin mamaki. Wuri kawai ya canja.

Na ce, "Za ka zauna a cikin rumfar. Kai da shi. Da Gino."

"Zan zauna, in na kai. Me kake so in ce? In ce ba zan shiga ba? Ƙarya zan yi maka."

"Da ka yi mini ƙaryar."

Ya dube ni. "To, ba zan shiga ba. A waje zan riƙa tsayawa, cikin ruwan sama."

"Maƙaryaci."

"Kai ka roƙa."

Muka yi dariya, tawa ta koma tari. Ya riƙe mini kofin ruwa na sha.

Litinin, 5 ga Agusta, safe

Na tambayi Lina me ya sa ta gaya masa. Ta ce, "Kai kaɗai kake ciwon nan? Ni ma ina bukatar wanda zan yi kuka a gabansa, tunda kai ka hana." Tana da gaskiya. Amma na kwana ina tunanin su biyu a waya, suna maganata, ba ni a ciki. Har wannan ma na ji kishinsa.

Alhamis, 8 ga Agusta, yamma

Asibiti. Sabon maganin ya fi tsohon mugunta.

Litinin, 12 ga Agusta, hantsi

Na je wurin Misis Pryor na gaya mata abin da zan ce gobe, don kar ta ji shi a zaure. Ta ce, "Dama na san jininka ja da fari ne. Ka dai faɗi maganar ƙofata yadda na gaya maka." Na ce da ita zan fara.

Laraba, 14 ga Agusta, safe

Hamish ya yi magana da kyau, ba zan hana shi ba. Yarinyar ƙungiyar mata ta ce har yau a cikin mota suke canja kaya, kansiloli biyu suka sunkuyar da kai. Branko ya manta rabin nasa, ya yi ta gode wa kowa har aka kaɗa masa ƙararrawa.

Da aka kira sunana wani ya yi tsaki daga baya. Na riƙe teburin da hannu biyu. Muryar ta ƙi fita, sai da magatakarda ya matso mini da abin magana har bakina.

Na ba su labarin mijin Misis Pryor da gadon ɗauka. Na ce motata tana cikin waɗanda suka saba tare layin nan, kuma duk wanda yake sanye da ja da fari a zauren nan ya san tasa ma tana ciki. Na ce a rubuta a cikin sharaɗi, layin ya zama na mazauna kawai ranar wasa, fitilu kuma a kashe su da wuri. Na ce in an rubuta wannan, to a ba su su gina. Na ce "su", ban ce "mu" ba. Ban shirya haka ba, haka ya fito.

Aka ɗaga hannu. Masu yarda sun fi yawa, da sharuɗɗan duka biyu. Zauren ya kaure, shugaba tana ta buga tebur ba mai jin ta. Gino yana kuka kamar yaro. Misis Pryor ta ɗauki jakarta, ta ɗan gyaɗa mini kai ta fita.

Branko ya rungume Hamish ya ɗaga shi sama. Shi ya fara runguma, na gani. Hamish ne a kusa da shi, na sani, ni ina can gaba, amma na gani. Sai bayan nan ya ratso mutane ya zo ya kama ni, a hankali, kamar mai ɗaukar ƙwai. Na ce, "Ba zan fashe ba." Ya ce, "Rufe mini baki."

Ban je shan giyar murna ba. Daga gado ina jin hon ɗin motoci a babban titi.

Alhamis, 15 ga Agusta, yamma

Da safe Branko ya zo ya ce wa Lina ta huta, yau shi zai raka ni asibiti. Ni na yi tuƙi, ban haukace ba tukuna.

Bai taɓa shiga ɗakin ƙarin ruwan nan ba. Ya ga kujerun a jere, da mutanen da suke kai, da robar da aka liƙa mini a hannu, fuskarsa ta yi fari. Ma'aikaciyar jinya ta tambaye shi ko shi ma yana son kwanciya. Ya ce a'a, ya jawo kujera ya zauna, ya fara yi mini bayanin dalilin da ya sa mai tsaron ragarmu ba shi da amfani. Bai yi shiru ba ko sau ɗaya. Wata mata a kujerar kusa ta ce mijinta ma haka yake cewa.

Can wayarsa ta yi ƙara a kan cinyarsa. Na leƙa na ga sunan. Hamish.

Na ce, "Ɗauka mana. Ƙila maganar kujeru ce, kar Gino ya riga ka."

Ya kalli wayar, ya kalle ni, ya kife ta. "Ya jira."

Ta yi ta ƙara har ta gaji. Ta sake, ya sake barin ta.

Yaron kirki ne Hamish, yanzu na sani, kuma bai yi mini komai ba. Amma na lissafa kowace ƙara da bai ɗauka ba, kuma kowacce ta yi mini daɗi.